Gaisuwar da Ba a Yi wa Lantana Ba

Tunda na dawo daga Gure ban huta da bakinku ba. Ladi ta tare ni a rijiya, Tabawa ta biyo ni har madafa, kowa sai ya ji yadda ƙasar Faransa take da abin da aka yi wa yarinya. To ga ni ga ku. Zan faɗa sau ɗaya, wadda ta zo a makare ta tambayi 'yar'uwarta, don ni ba maroƙiya ba ce da zan yi ta maimaita magana.

Kun san abin da ya kai ni, amma bari in faro daga tushe saboda Amarya da ba ta daɗe a unguwar nan ba. Ƙanwata Kulu can Gure aka kai ta aure. Shekarar da fara ta cinye gonaki, mijinta ya fita neman abinci bai dawo ba, ita kuma ta ɗauko 'yarta Lantana ta nufo nan Nguru wurina da ƙafa. Ba ta iso ba. Masu raƙuma suka tsinci yarinyar zaune ita kaɗai a gefen gawa cikin wani kwari, suka yi wa Kulu sutura, suka kawo mini 'yar, lokacin ko famfara ba ta yi ba. Na riƙe ta, don ba ni da wani abin da Kulu ta bar mini sai ita.

Yarinya ba kuka, ba wasa, ba ƙiriniya. Maganarta ɗaya ce, kullum sai ta tambayi yaushe Iya za ta zo. Mu kuma mu ce ta tafi unguwa, tana nan tafe. Ni na faɗa, ku ma duk kun faɗa, haka kuma aka faɗa mini ina ƙarama da kakata ta rasu. Wa yake kallon idon yaro ya ambaci mutuwa?

Matsalar tsakar rana ce. Duk wanda ya kishingiɗa bayan azahar, sai ya farka ya tarar da ita tsugune a kansa, tana kore masa ƙuda da bakin zanenta, tana ɗiga masa ruwa a leɓe da yatsa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, Ladi har bori ta kawo shawara, maigidana ya ce ba a gidansa ba. Muna nan a haka, ran nan maigidana Malam Bala ya farka daga barcin rana a zaure ya ga an tara masa yashi tun daga tafin ƙafa har gwiwa, an lallaɓe shi sumul, ga Lantana tana ɗebo wani a zanenta. Mutumin nan ba mugu ba ne, kun sani, tsoro ne ya kama shi. Ya ce in kai ta wurin dangin ubanta a Gure, kada in dawo masa da ita. Na yi kuka, na yi magiya, na turo manya, ya ce ya gama magana.

Ƙanensa Ɗan'azumi na bi, shi da ayarinsu na masu kai goro da turamen yadi arewa su sauko da kanwa da dabino. Ya ɗora mu a kan takarkari yana cewa wai yau zai ga ko matar yaya ta fi buhun goro nauyi. Na ce bari mu dawo, sai na sa Malam ya yi masa aure ya daina damun mutane. Takarkarin nan kuwa kamar ya ji, mun fita gari kenan ya durƙushe a tsakiyar hanya, na zame ta wuyansa na faɗa cikin ƙarangiya. Har muka kai Macina ina cire ƙaya a zane, shi yana dariya. Lantana tana zaune inda aka ajiye ta, ko murmushi babu.

A Macina muka sauka gidan wata mai fura, ba abin da zan ce a kanta sai alheri, ban da kuɗin cizon tabarmarta. Daga nan sai iyaka. Ni duk zatona iyaka wani bango ne ko kogi. Ashe wata aduwa ce da rumfar kara a gindinta. Wai daga nan ƙasar Ingilishi ta ƙare, ta Faransa ta fara, alhali yashin ɗaya ne, awakin ma suna ƙetarawa ba mai tambayarsu. Masu tsaron gardi ake ce musu, da jar hula da bulala, wurin binciken kaya kuma su ce masa duwan. Hausa suke yi tsaf, sai dai su riƙa tsoma wasu kalmomi na Nasaransu kamar tsakuwa a shinkafa. Babbansu wani dogo ne mai zane a fuska, ya sa aka sauke kaya duka, yana ta zura ƙarfe a cikin huhun goro, Ɗan'azumi yana binsa da ranka ya daɗe.

Ina kallon wannan ban lura yarinya ta sulale ba. Sai na ji wani ya zabura yana salati a bayan rumfa. Ɗaya gardin ne yake barci, ta je ta tsuguna a kansa, har ta fara zuba masa yashi a ƙafa. Na ce shi kenan, yau mun kwana a gidan yari. Dogon nan ya taho da bulala a hannu, ya tsaya ya dube ta, ta dube shi. Ya daɗe a haka. Sai ya tambaye ni ko 'yar shekarar fara ce. Na ce e. Ya juya ya ce a ɗaure kaya mu wuce, bai ƙara taɓa huhu ko ɗaya ba.

Daga nan hanya ta canza. Tudun yashi, kwari, tudun yashi, kwari. Kana tafiya ba ka ganin kome sai fari, sai kawai ƙasa ta buɗe a gabanka ka ga rami mai faɗi cike da goriba da dabino, tsakiyarsa kanwa ta yi fari fat. Mun wuce ƙauyuka da ba kowa a ciki. Darni ya faɗi, rumbuna a buɗe, a wani gida har tukunya tana nan kan murhu yadda aka bar ta. Fatake masu surutun nan duk sai su yi tsit in za mu ratsa, ba ka jin kome sai takun shanu.

A nan ne Lantana ta fara wani sabon abu. Duk kwarin da muka gangara, sai ta zame daga kan sa, ta je gefe ta kwanta ta manna kunnenta a ƙasa. Ta saurara, ta tashi, ta matsa gaba, ta sake mannawa. Wallahi tsigar jikina tashi take yi. Rana tsaka, ko iska ba ta motsi, ga yarinya tana sauraron ƙasa. Wani tsoho a ayarin ya ce wa Ɗan'azumi a gabana, in ya san da wannan za a yi tafiya da bai biyo ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake kwanciya da rana, kowa a zaune yake gyangyaɗinsa.

A Bune muka sauka gidan wasu Mangawa. Gaisuwarsu kaɗai ta isa ta dafa wake, wushe wushe, lale lale, kina cewa an gama sai a sake ɗaukowa daga farko. Matansu ba ruwansu da kulle, su ke hawa sa su je kasuwa, su yi ciniki da maza ido cikin ido, ga kitso an tayar da shi tsakiyar kai kamar zankon zakara. Suka kawo mana burabusko da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai, ban taɓa cin irinsa ba. Ruwansu ne dai sai a hankali, kanwa zalla. Na gaya wa Ɗan'azumi ya sha kaɗan, ya ce shi ɗan hanya ne. Har muka shiga Gure yana tsayar da ayari yana ruga bayan tudu, na rama dariyata da riba.

Gure ba wani babban gari ba ne. Barikin kumandan, Nasaran da ke mulkinsu, yana can sama, gari yana ƙasa, lambuna suna cikin kwari. Muka tambayi gidan Bukar, yayan uban Lantana, aka nuna mana. Manomin albasa ne da alkama, mutum mai sanyin magana. Ina fata a raina ya ce ba zai karɓa ba, in sami abin gaya wa Malam. Sai ya ce jininsu ce, in ajiye ta, ba ta rasa tuwo ba. Amma ya ce a garinsu duk yaron da shekarar fara ta bari maraya, sai an fara kai shi gidan Ya Falmata kafin ya shiga gidan kowa.

Gidan yana bakin gari, darnin kaba, bukkoki kaɗan. Tun daga ƙofa na ji wani iri. Kun san gida mai yara daga nesa ake jinsa. Wannan cike yake da yara, amma shiru kamar masallaci bayan an watse. Suna zaune a inuwa suna saƙar igiya, duk suka ɗago suka zuba mana ido. Wani yaro kumatunsa a kumbure, ashe loma yake ajiyewa a baki tun ta safe. Wata ta ɗaura igiya a ƙugunta, ɗaya bakin a ɗaure da zanen tsohuwar, duk inda ta yi tana biye. Ita Ya Falmata 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ido ɗaya ya yi fari, Hausarta a karye. Ba malama ba ce, ba 'yar bori ba, ba ta ba da ko saiwa. Da yunwa ta wuce ta riƙa tsintar yara, wasu dangi su zo su ɗauka, wasu har yau.

Na zayyana mata kome. Ta tambayi me yarinyar take cewa, na faɗa. Ta tambayi me muke ba ta amsa, na faɗa. Ta murza taba a leɓe, sannan ta ce mu jira azahar.

Da rana ta take, ta kwance igiyar yarinyar nan ta miƙa wa wata babba, ta shimfiɗa zane a tsakar gida kan yashi, ta kwanta ta rufe ido. Ta riga ta ce mini kome na gani kada in motsa. Lantana ta dube ta, ta tashi ta je ta tsuguna. Ta kore ƙuda. Ta tsoma yatsa a ƙwarya ta ɗiga mata ruwa. Sannan ta fara ɗebo yashi. Ƙafa ta ɓace, ƙwauri ya ɓace, gwiwa ta ɓace. A gidanmu daidai nan ne ake daka mata tsawa a fizge ta, ban taɓa ganin abin da ke biyo baya ba. Ta rufe cinya, ta rufe ciki, tana lallaɓawa da tafin hannu. Sauran yaran sun daina saƙa suna kallo, ba mamaki a fuskarsu ko kaɗan. Ni kuwa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Da yashi ya kai ƙirji, tsohuwar ta yi magana idonta a rufe, a hankali. Ta tambaye ta wa take rufewa. Lantana ta ce Iya. Ta ce don me. Ta ce don tsuntsaye sun sauko, ta kore su sun ƙi tafiya. Tsohuwar ta ce ta yi daidai. Ta tambaye ta sai me ya faru. Yarinyar nan da ban taɓa jin ta haɗa magana biyu ba, sai ga shi tana bayani. Ta ce ta ba Iya ruwa ba ta sha ba, ta tashe ta ba ta tashi ba, ta rufe ta har wuya, ta bar fuska. Masu raƙuma suka zo suka ɗauke ta ita Lantana suka kai bayan tudu, ba ta ga abin da suka yi da Iya ba. Sai ta tsaya da yashi a hannu ta ce:

"An ce tana nan tafe. To ni na danne ta da ƙasa. Ta yaya za ta fito?"

Jama'a, ashe duk shekarun nan abin da yarinyar nan take ɗauke da shi kenan. Mu muna ganin muna rarrashi, ita tana ganin uwarta tana da rai a ƙarƙashin yashi, ita ta binne ta, tana can tana jin ƙishirwa. Abin da take saurare a kwari kenan.

Ya Falmata ta buɗe ido ta tashi zaune, yashi yana zuba daga jikinta. Ta kama hannayen yarinyar ta ce mata uwarta ta mutu tun kafin ta zuba mata ƙasa ko ƙwaya ɗaya, ba ta jin ƙishirwa, ba ta jin nauyi, kuma ba za ta zo ba. Haka ƙiri-ƙiri. Raina ya ɓaci, na miƙe na ce wace irin tsohuwa ce wannan mara tausayi. Ba ta ko kalle ni ba. Lantana ce ta juyo ta kafe ni da ido, tana jira. Tsohuwar ta ce ita baƙuwa ce a wurin yarinyar, maganarta ba ta da nauyi, bakin da ya ce tana tafe shi zai ce ba ta zuwa.

Daga ƙarshe na ce, "Gaskiya ne, Lantana. Kulu ta rasu."

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta zauna ta zuba wa hannayenta ido har la'asar.

Washegari na ga abin da ban taɓa gani ba a ƙasar Hausa. Tsohuwar ta sa aka daka gumba, aka share gindin darni, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta yi wa Lantana wanka, ta yafa mata mayafi kamar babbar mace, ta zaunar da ita ita kaɗai a tsakiya. Na tambayi me za a yi. Ta ce zaman makoki. Ta ce in an yi mutuwa ana gaida miji, a gaida uwa, a gaida 'yan'uwa, har maƙwabta a ce musu ya haƙuri, amma wanda ya fi kowa rashi sai a ba shi ƙosai a ce ya je waje ya yi wasa. Ta ce duk yaron da ke gidan nan sai da ta shimfiɗa masa tabarmar nan.

Yaran suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tuɓe takalmi in yana da shi, ya durƙusa, ya ce Lantana ya haƙuri, Allah ya jiƙan Iya. Har mai loma a baki, sai da ya haɗiye ya faɗa. Tsohuwar tana gefe tana raɗa mata amsa, Lantana tana cewa da godiya, amin, muryarta kamar ta sauro. Bukar ya zo da matarsa da limamin unguwa, aka yi fatiha. Ɗan'azumi ya zo ya durƙusa, mai bakin nan ya kasa ƙarasa gaisuwa, ya tashi ya fita yana share fuska da hula.

Ni ce ta ƙarshe. Na durƙusa a gaban 'yar da nake yi wa wanka, na ce ya haƙuri. Ta ɗago ta dube ni. Ba wanda ya raɗa mata wannan, ta ce:

"Inna, ke ma ya haƙuri?"

Sai a sannan ta fashe. Ta yi kukan da ban taɓa jin ɗan'adam ya yi ba, na rungume ta muka yi tare, aka bar mu har muka gaji.

Kada ku ce ta warke, ban faɗa ba. Ya Falmata ma ta ce ba ta da maganin warkewa. Ta ce yarinyar za ta sake tambaya, in sake gaya mata gaskiya, ko sau nawa ne. In ta tsuguna kan mai barci kada a daka tsawa, a kama hannunta a ɗora a ƙirjinsa ta ji yana numfashi. Mun ɗan zauna a gidan ina koyo. Ranar tafiya na je wurin Bukar na ce ya yafe mini, ba zan iya barinta ba. Ya ce ai ya sani tun ranar da na shigo, in Malam ya kore mu gidansa a buɗe yake. A hanyar dawowa ta sauka a kwari ɗaya ko biyu, amma ba ta manna kunne ba, tsayawa kawai ta yi ta dawo ta hau.

Ban san abin da zan tarar a gida ba, na dai ƙudura in ya ce ta fita, tare za mu fita. Muka shigo Malam yana zaure. Ya dube ni, ya dube ta, bai amsa sallamata da ƙarfi ba. Ɗan'azumi ya zauna wurinsa, ni na shige. Ban tsaya roƙo ba. Na share tsakar gida na shimfiɗa tabarma, na yafa mata mayafi na zaunar da ita. Muka yi ta zama, ina jin muryar Ɗan'azumi ƙasa-ƙasa daga zaure, har aka kira la'asar aka dawo. Can sai na ji gyaran murya. Malam ya shigo ya tsaya a bakin tabarma, ya daɗe a tsaye. Sannan ya tuɓe takalmansa, ya tattare riga ya durƙusa, ya ce Lantana ya haƙuri. Da ya tashi ya ce mini a gyara mata shimfiɗa a ɗakina, sanyi ya kusa.

To kun ji Gure. Yanzu saura ku. Ladi, Tabawa, duk wadda ta taɓa ce wa yarinyar nan uwarta tana nan tafe, tana ciki a kan tabarma tun ɗazu. Ku ajiye goron nan, ku gyara mayafanku, ku shiga ɗaya bayan ɗaya.